Tukkun Tsuntsu da Idon Baba

Tun da muka dawo daga Indiya mutanen majalisarmu ta unguwar Yerimaram suka sa ni gaba. Wannan ya tare ni a bakin shago, wancan a ƙofar masallaci, kowa da tambayarsa: wai da gaske shanu na yawo a titi ba mai su? Ka ga ’yan fim? Na maimaita har bakina ya gaji. To yau zan zazzage shi gaba ɗaya, wanda bai ji ba ya tambayi wanda ya ji. Ɗan fim dai ko ɗaya ban gani ba. Babban abin da na gano tsuntsu ne, kuma kada wanda ya yi dariya sai ya ji ƙarshe.

Duk wanda ya san karar shanu ta Potiskum ya san mahaifina, Alhaji Ɗanladi dillali. Idonsa na hagu ya mutu shekarun baya, a hannun wani mai maganin ido da ke bin kasuwanni da allurarsa. Mutuwar idon ta yi mana ciwo, amma abin da ya fi ci mana rai shi ne Baba ya yi wata da watanni yana rantse mana idon ya warke garau, har da cewa yana zura zare a allura. Da yanar ido ta rufe na daman ma haka ya yi. Kowace Laraba yana kara, ya shafa tozo, ya kama ƙaho, ya buɗe bakin sa ya lalubi haƙora, mutane na cewa ƙwarewa ce. Asiri bai tonu ba sai ranar da na same shi a zaure ya yi wa buhun gero sallama, ya tsaya yana jiran amsa. Da na yi magana sai ya ce, “Habu, dillalin da ya ce ba ya gani, ya rufe kasuwarsa da bakinsa.”

Likitan da muka gani a Kano ya ce yanar ta daɗe ta yi tauri, ga shi ido ɗaya ne ya rage, kuskure kaɗan shi ke nan. Ya haɗa mu da wata likita a birnin Bangalore na Indiya. Da za mu fita ya ja ni gefe ya ce, “Ni ba aikin nake ji wa tsoro ba, mahaifinka nake ji. Bayan aiki, in idon ya kumbura ko gani ya ja baya, dole a sani da wuri. In ya ci gaba da cewa garau alhali duhu yake gani, sai an rasa idon kafin a farga.” Wannan magana ita na ɗauka na tafi da ita, ta fi jakata nauyi.

Ni aka zaɓa na raka shi saboda ɗan turancin da na kwaso a sakandaren Mamudo, kuma shagona na kayan tirela ba gudu zai yi ba. Wahalar biza ba zan ba ku labarinta ba, don hawan jinina ya tashi in na tuna. Abu ɗaya zan faɗa: sai da aka ɗiga wa Baba maganin shan inna a baki, irin na jarirai, wai sai da shaidarsa za mu shiga ƙasarsu. Dattijo da farin gemunsa ya buɗe baki, ma’aikaciyar na ƙunshe dariya. Ya haɗiye ya ce, “To saura a goya ni.”

A mota daga tasha zuwa Kano ya fara halin nasa. Da muka hau gadar Jama’are ya ji ƙarar taya ta sauya, sai ya juya wajen taga ya ce, “Kai, ruwa ya ja baya bana.” Fasinjoji suka ce wallahi kuwa, Alhaji. Ni na san da kunne ya gano gadar, maganar ruwa kuwa lokacin rani ne, ko makaho ya sani. A jirgi ya nace sai kujerar taga. Muna cikin tafiya ya dafa ni ya ce, “Habu, ka ga gajimare kuwa? Ikon Allah!” Na duba, marufin tagar a rufe yake ruf. Na juya kai gefe, hawaye suka cika mini ido, ga kuma haushi kamar in fashe.

A Addis Ababa, inda muka sauya jirgi, aka kawo masa keken marasa lafiya. Ya ce shi ba gurgu ba ne. Ya dafa kafaɗata ta baya yana ɗan tura ni, don duk wanda ya gani ya ɗauka shi ke nuna mini hanya. Sanyin garin ya sa ya amince da shayi, shi kaɗai ne abin da ya karɓa a hannun kowa ba musu.

Shigarmu Indiya kuwa kilishi ne ya ja mana. Yayata Hajara ta naɗe mana shi cikin takarda har ninki uku, ta cusa a tsakiyar kaya. Ma’aikacin kwastan ya buɗe, ya shinshina, ya tambaye ni naman mene ne. Ni da wautata na buga ƙirji na ce na sa ne, mai kyau, daga babbar kasuwar shanu. Mutumin ya yi ta kaɗa kai hagu da dama yana murmushi. Na ɗauka cewa yake ba komai, na miƙa hannu zan ɗauka, ashe tafiya da shi zai yi. Daga baya na gane kaɗa kan nan nasu yana iya zama i, yana iya zama na ji ka, yana iya zama Allah ya ba ka haƙuri. Baba ya yi jimamin kilishin nan har cikin keke mai ƙafa uku. Af, kekensu irin namu ne sak, har rawayar, har gangancin direbobin. Da ya ji ƙararsa sai ya ce kamar za mu kasuwa daga unguwar Bolewa.

Masaukinmu ɗaki ne a saman gidan wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, sunansa Murti. Baba ya ce ba zai iya ba, ya raɗa masa Murtala, shi kuma ya amsa da murna. Allah ya saka wa mutumin nan da matarsa da alheri. Ba addininmu ɗaya ba, ba yarenmu ɗaya ba, amma shi ya nemo mana masallaci, shi ya nuna mana alƙibla da wayarsa. Matar kullum da safe takan zana wani ado da farin gari a ƙofar gida. Washegarin zuwanmu Baba ya bi ta kai da takalmi ya shafe shi tas. Na rasa inda zan sa kaina. Ita kuwa ko a jikinta, daga ranar sai ta matsar da zanen gefe guda, ta bar masa hanya.

Abinci shinkafa ce safe da rana da dare, sai dai ta sauya kama. Miyarsu tsamiya da yaji, kuma abin mamaki, zogale suke ci amma ba ganyen ba, ’ya’yan nan dogaye da muke bari su bushe a bishiya su suke yankawa a miya. Nama kuwa babu shi a gidan ko na rantsuwa. Baba ya rame a kwana kaɗan. Ranar da matar ta kawo wasu ƙananan dunƙule da ta soya a tanda mai ramuka, ya taɓa, ya kai baki, sannan ya ce, “Habu, masa ce! Wace Bahaushiya ce ta yi aure a nan?” Tun daga ranar ita take yi masa kullum.

Shanu kuma gaskiya ne, suna yawo abinsu, mota na kauce musu. Wata rana muna dawowa daga asibiti wata saniya ta tsaya mana a hanya. Baba ya ji numfashinta, ya sake ni, ya kai hannu. Ya shafa bayanta, ya kama ƙaho, ya tsuguna ya taɓa hantsa, yana ta magana shi kaɗai: tsohuwa ce, ta haihu da yawa, ba ta samun dusa. Mutane suka taru suna haɗa tafin hannu, sun ɗauka girmama ta yake. Na ce a raina, da kun san sana’arsa da ba ku tsaya ba.

To, ga maganar tsuntsu. Matar Murti tana da al’ada, in ta dafa shinkafar safe sai ta ɗebi ta farko ta zuba a kan katangar baranda, tsuntsaye su ci kafin mutanen gida. A nan Baba ke zama yana jan carbi. Hankaki kan zo, sai kuma wasu masu tafiyar taƙama da surutun tsiya, girmansu bai kai na kurciya sosai ba, in sun tashi sai ka ga fari a fiffikensu. Murti ya ce sunansu maina. Baba ya yi dariya ya ce a garinmu Maina ɗan sarki ne, bai taɓa jin yana cin shinkafar sadaka ba.

Wata safiya ya ce, “Habu, waɗannan iri biyu ne.”

Na leƙa na ce, “Baba, iri ɗaya ne. Duk baƙi-baƙi ne masu rawayan baki.”

“Iri biyu. Ɗaya muryarsa ta fi kauri, ɗaya ta fi siriri.”

“Ni fa nake kallonsu, Baba.”

Da na faɗi haka na yi da-na-sani. Ya ci gaba da jan carbinsa har ya gama. Sannan ya ce, “Kallo daban, gani daban. Kai ko a kara ba ka raba shanun Wadara da na Rahaji, duk ja ne a wurinka.” Gaskiyarsa ce, shi ya sa na ƙare a kayan tirela.

Ranar aiki, bayan sun tura shi ɗakin tiyata, likitar ta ce in je in huta, za a kira ni in ya farfaɗo. Gidan ba nisa, na koma na zauna a baranda. Murti ya hawo ya same ni. Bai ce mini in kwantar da hankali ba, da ya ce da na ji haushinsa. Sai ya miƙo mini madubin hangen nesa, ya nuna katanga. Ashe mutumin tun da ya bar aiki kallon tsuntsaye ya mayar sana’a. Don in kashe lokaci na ba shi labarin musunmu da Baba. Ya buga cinya ya ce, “Mahaifinka ya ci ka. Duba da kyau.”

Na duba. Wallahi sai ga shi ɓaro-ɓaro. Ɗaya jikinsa ya fi ja-ja, kuma gefen idonsa akwai fata rawaya, ba gashi. Ɗayan ya fi toka-toka, babu rawaya a gefen ido, ƙwayar idon fari-fari ce, sannan a goshinsa, daidai gindin baki, ga wani ɗan tukku a tsaye. Murti ya ce na farkon shi ne na gari, ko’ina akwai shi. Mai tukkun shi ake kira na daji, kuma yana da nasa ’yan uwan na kusa, masu tukku duka, ’yan ƙalilan ne, shida ko makamancin haka, sun bazu daga nan har ƙasar Sin da tsibiran gabas. Ya buɗe wayarsa yana nuna mini su. Na Sin baƙi ne wuluk, bakinsa fari-fari. Wani tukkunsa dogo har ya tashi sama. Wani yana da farin tabo a gefen wuya. Ya ce malaman tsuntsaye sun daɗe suna ja-in-ja a kansu: a da sun haɗa wasu sun ce iri ɗaya ne, daga baya suka raba, saboda launin baki da na ido da na ƙarƙashin jela. Ko wannan na dajin, in ka je arewacin ƙasarsu idonsa rawaya ne, a nan kudu ne yake da farin ido. Ya nuna mini hoton danginsu na Afirka, sai ga shaya tamu mai sheƙi.

Na saurara ne da rabin kunne, rabin yana kan wayata. Amma na yi niyyar abu ɗaya: ba zan gaya wa Baba ba. Da farko don kada ya yi mini dariya ne. Ina saukowa daga bene sai wani tunani ya faɗo mini, na tsaya cak. Murya ana jin ta. Tukku ba a jin sa, launin ido ba a shafa shi. Na koma na roƙi Murti kada ya yi wa Baba maganar ko da nuni, ko da yake ba jin yaren juna suke ba. Ya kaɗa kan nan nasu. A wannan karon na gane nufinsa.

Da aka kwance bandeji, likitar ta ɗaga yatsu ta ce nawa ne. Baba ya ce biyu. Biyu ne kuwa. Ta yi murmushi, ni ban yi ba, don na san shi, ya taɓa gaya mini duk mai gwada makaho yatsa biyu yake ɗagawa. Ta haska idon ta ce aiki ya yi kyau, amma akwai ɗan kumburi, gani zai zo a hankali. Ta ce in ya ji ciwo, ko hazo ya ƙaru maimakon ya ragu, a dawo da shi a take. Na fassara masa kalma kalma. Ya ce, “Gaya mata garau nake gani, har ɗan kunnenta.” Ɗan kunnen nata kuwa yana ƙara in ta motsa.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi tsanani a tafiyar. Kullum in na ɗiga masa magani sai in ce, “Baba, yaya?” Ya ce, “Garau.” Amma ina kallo yana laluben kofin shayi da hannu, yana bin bango in zai shiga banɗaki. Sabo ne ko duhu ne? Ban sani ba. Hajara ta bugo waya tana tambaya, na ce mata ya ce yana gani. Ta ce, “Ya ce, ko yana gani?” Wata rana na kasa daurewa na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, “Baba, don girman Allah ka gaya mini gaskiya, idon nan shi kaɗai ya rage mana!” Ya ce, “Ni kake yi wa tsawa a ƙasar mutane?” Ya juya mini baya. Na ba shi haƙuri, amma ranar ko masar bai ci ba.

Ana sauran ’yan kwanaki mu koma ganin likita na ƙarshe, da hantsi, muna baranda. Matar Murti ta zuba shinkafarta ta sauka. Tsuntsaye suka sauko, wasu har kusa da ƙafarsa. Ina lura Baba ya daina jan carbi. Ya sunkuyo gaba, ya kare idon da tafin hannu, ya daɗe a haka.

“Habu.”

“Na’am, Baba.”

“Wancan mai siririyar muryar. Wane wanzami ne ya yi masa aski ya bar masa tukku a kan hanci?”

Na ce, “Wane tukku?”

“Ga shi nan tsaye! Kai makaho ne? Kuma idonsa fari. Shi kuwa mai kaurin murya ba shi da tukku, sai rawaya da aka shafa masa a gefen ido. Ban gaya maka iri biyu ba ne?”

Jama’a, ni da ’ya’yana huɗu, na durƙushe a barandar mutane na fashe da kuka kamar yaro. Ina cewa alhamdu lillahi, ina kuka. Murti ya hawo da gudu, ya ɗauka wani abu ne ya faru. Na kasa turanci, sai na nuna tsuntsun, na nuna goshina, na nuna Baba. Murti ya cire tabarau yana share ido. Baba ya juyo ya ƙura mini ido, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce a hankali, “Kai Habu, yaushe ka yi furfura haka?”

Daga ranar baranda ta zama makaranta, ni ne tafinta. Murti ya kawo hotunan masu tukkun nan duka, Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kai wayar kusa da ido. Da na fassara masa rigimar malamai, a haɗa ko a raba, sai ya ce ai wannan tsohuwar rigimar kara ce: Bunaji da Bokolo duk farare ne, ƙaho da kunne da tozo ke raba su, in kuma suka yi barbara sai dillalai su kwana suna musu a kan ɗan. Murti ya ce tsuntsayen ma haka, inda mutane suka kai wani iri ƙasar wani, akan samu masu kama da wannan da wancan. Baba ya ce, “Ashe malaman tsuntsu ma dillalai ne, la’ada ce kawai ba sa karɓa.” Da ya ji sunan da malamai suka ba dangin ma’anarsa mafarautan fara, kuma suna bin shanu a makiyaya kamar belbela, sai ya ce to ’yan Yobe ne, yaji kawai ya rage musu.

Likita ta sallame mu da maganin ɗigawa da tabarau. Ranar tafiya matar Murti ta ƙulle mana masar nan a ganyen ayaba, Baba kuma ya cire hularsa ta zanna ya ɗora wa Murti a ka. A ƙofar gida ya tsaya ya kalli zanen farin garin, ya ce in gaya mata yana da kyau, sannan ya zagaye shi da kansa. Ina gode wa Allah, ina gode wa likitar nan, da mutanen gidan nan da suka riƙe mu kamar jininsu. Har tsuntsun ma ina gode masa, ku yi dariyarku yanzu.

Larabar da ta wuce na raka shi kara, karo na farko tun dawowarmu. Ana ta yi masa barka. Wani abokin cinikinsa ya nuna wani sa can nesa cikin garke ya ce, “Alhaji, ya ka ga wancan?” Na zuba ido in ji abin da zai ce. Baba ya gyara tabarau, ya duba, ya sake dubawa.

Ya ce, “Daga nan ban gan shi sosai ba. A jawo mini shi kusa.”

Tun da na yi wayo ban taɓa jin wannan magana a bakinsa ba. Aka jawo san, ya dube shi tun daga ƙaho har bindi, hannayensa na goye a baya.